Kwalaben Amfilifayar Dogo

Kwanan baya jikana ya shigo mini da wani abu, bai fi girman burodi ba, ya ce wai amfilifayar gita ce, mai ƙara mata sauti, ta daina magana, in duba masa. Na ɗaga ta, babu nauyi. Na kwance bayanta na leƙa, ban ga komai ba sai ɗan faranti kore da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar kashin ɓera. Na shinshina, ba ta warin komai. Na ce masa ya kai wa yaran bakin titi, su suka san ta, za su cire koren su jefar, su sa wani, su ce sun yi gyara. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, kai dai ka tsufa." Na ce na gode da labari. Bayan ya fita na daɗe zaune da sukuddireba a hannu, ina tuna wata amfilifaya da sai mutum biyu suke ɗaga ta, da mutumin da ya mallake ta.

A wancan zamani teburina yana ƙarƙashin barandar wani gida a Zongon Kumasi, a kan hanyar da take haurawa Manhyia. Ban daɗe da fita daga hannun Masta ba, wani dattijon Asante da na koyi gyaran rediyo a wurinsa, kuma ina ji da kaina fiye da yadda ya kamata. Da an fito sallar asuba nake share wurin, in yayyafa ruwa, in shimfiɗa tsohon buhu a kan tebur, in jona ƙarfen dalma. Kafin ya ɗau zafi mai koko ta iso da tukunyarta, maɗaura goro sun fara watsa wa ganye ruwa a gidan da ke kallonmu, lorin farko yana tari a gangare, daga bayan katanga kuma ana jin tsintsiyar kwakwa tana kai-kawo a kan siminti. Kowane sauti ka san mai shi. Yanzu in na zauna a ƙofar gida, ƙarar babura ce kawai, sai mutum ya wuce ka yana magana shi kaɗai da abu a kunne, ka amsa masa sallama ashe ba da kai yake ba.

Kayan da muke gyarawa duk masu kwalabe ne. Masta bawul yake ce musu, mu kuwa a Zongo kwalba muke cewa, don da gilashi aka yi su, kuma haka suke tsaye a jere. In ka kunna rediyo ba ta yi maka magana nan take, sai ka jira. Ka ga ɗan jan zare ya kama a cikin kowace kwalba, ka ji ƙurar da ke kansu ta fara ƙamshin ɗumi, sannan murya ta taso a hankali daga nesa. Tsofaffin unguwa har gaisuwa suke gamawa, a tambayi iyali da gajiya, kafin labarai su fito. Ba wanda yake ganin an ɓata masa lokaci. Masta ba mai yawan magana ba ne, amma akwai abin da ya yi ta nanata mini har na haddace shi da Twi da Hausa: hannun hagu a aljihu, na dama shi kaɗai yake shiga ciki. Ko ka zare waya daga bango kada ka yarda da 'yar gwangwanin nan da ake kira kwandansa, tana riƙe da wutar da za ta jefa ka cikin kwata. Na ga ta jefa wani a gabana, shi ya sa har yau ko fanka zan taɓa sai hannuna ya nemi aljihu da kansa.

Aikin da ya fi kowanne neman natsuwa shi ne saita bayas. Amfilifayar gita tana da manyan kwalabe biyu a baya, su ne masu ƙarfin, su suke tura sauti zuwa sifika. Ko ba a kaɗa komai ba akwai wutar da take bi ta cikinsu suna zaune, bayas kuwa shi ne ka ƙayyade musu yawan wannan wutar. Ɗan sukuru ne a can ciki, dab da inda ke kisa. Ka kunna, ka bari ta ɗumama sosai, ka maƙala mitar awon wuta, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan idonka yana kan allura. In ka sakar musu wuta da yawa muna cewa sun yi zafi. Sauti ya cika, ya yi taushi, ya yi zaƙi, amma kwalaben suna cin kansu, in ka zarce ma sai ka ga ƙarfen cikinsu ya yi ja kamar garwashi, ka san ajalinsu ya kusa. In ka ƙuntata musu kuwa sun yi sanyi. Za su yi shekaru, sai dai sauti ya bushe, duk tsirkiyar da aka taɓa ta ƙare da kaushi. Kuma duk ranar da aka sa sababbin kwalabe sai an sake saitawa, don na yau ba sa zuwa da halin na jiya. A kan zafin nan da sanyin nan ni da Dogo muka yi shekaru muna rigima.

Dogo abokina ne tun muna makarantar allo. A Zongo aka haife shi, a ɗakin uwarsa, a hannun ungozoma, kamar yadda aka haife ni. Bambancin kawai, iyayena daga arewacin Ghana suka zo, nasa kuwa daga wani ƙauye a ƙasar Nijar, can wajen Adar. Babansa maɗaurin goro ne, ya shigo Kumasi da ƙafa tun yana saurayi, ya tsufa a cikin ganye da igiya. Dogo kuwa ko Tamale bai taɓa kaiwa ba. Twi a bakinsa ya fi nawa, in yana ciniki da matan kasuwa sai su riƙa tambayarsa ɗan wane gida ne. Gita yake kaɗawa a wata ƙungiyar masu kiɗan hailaif, su je bikin nan su je rawar can. Amfilifayarsa ta hannu ce, ya samo ta daga wani ma'aikacin jirgin ruwa, baƙa, mai nauyin tsiya, ƙyallen gabanta ya yage a gefe. Ya fi son ta da abinci. Kullum ya kawo ta sai ya tsaya a kaina yana kaɗa tsirkiya ɗaya yana cewa, "Ƙara mata, mai rediyo, ƙara mata." In ce, "Allura ta ce ya isa." Ya ce, "Allura ce za ta yi rawa ko mutane?" In na ƙi ya kira ni matsoraci, in na yarda bayan 'yan watanni ya dawo da kwalabe matattu yana sosa ƙeya. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, kuma gaskiya ban taɓa jin wanda gita take yi wa biyayya kamarsa ba.

Sai ga sanarwa ta fito, ta bakin rediyoyin da ni na gyara, cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin da aka bayar ko na haɗa kayan biki bai kai ba. Da farko dariya muka yi, don wa zai kalli Dogo ya ce baƙo ne? Amma ungozoma ba ta ba da takarda, babansa kuma bai taɓa sanin ana neman izini kafin a tsufa a gari ba. Cikin 'yan kwanaki Zongo ya koma kasuwa. Gadaje, kujeru, kekunan ɗinki, tukwane, duk an baje a bakin titi, masu saye suna tayawa kamar alfarma suke yi wa masu su. Daga safe har magariba guduma kake ji a kan akwatuna. Mai kokonmu ma ta daina zuwa, a nan na san ashe ita ma daga can take.

Dogo ya zo ya ajiye mini sababbin kwalabe biyu a kan buhu, suna cikin kwalinsu. Kwat ɗinsa na wasa da takalminsa mai sheƙi ya sayar ya saye su. Ya ce da amfilifayar zai tafi. Ya riga ya tsara komai a kansa: in sun isa zai nemi masu ganga, ya koya musu hailaif, ya jiyar da mutanen can abin da ba su taɓa ji ba. Ya ce, "In dai tana tare da ni, duk inda aka sauke ni zan ci abinci, kuma zan san ni ne." Ban taɓa jin irin wannan magana a bakinsa ba. Na gane tsoro ne ya cika shi, kuma amfilifayar nan ita kaɗai ce ta hana shi zama a ƙasa ya yi kuka.

Muka duƙufa mu biyu kamar masu shirin jarrabawa. Damuwarmu duk a kan wutar Faransawa take, don mun ji an ce komai nasu daban yake da na Ingilishi, har ramin bangon da ake soka waya. Muka je tashar lori muka sami wani direba mai zuwa Yamai. Ya tabbatar mana akwai fitilu a titi, akwai silima, akwai otal da ake kiɗa a ciki, sai dai wutar inji ce, tana hawa tana sauka. Muka dawo da murna. Na canza masa kan waya, na naɗe fis na ajiya, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, a takarda na manna a ciki. Mu 'yan birni ne, a ƙarƙashin turken lantarki muka yi wayo, a tunaninmu in an ce ƙasa tana da wuta to shi ke nan, tana da ita. Babansa kuwa in yana labarin gida, nono da gero da faɗin fili yake ambata, bai taɓa cewa babu wani abu ba.

Ana gobe tafiya, bayan azahar, na ɗauki mita da kayan aikina na tafi gidansu, don an fara tare mutane a titi, Dogo ya daina fita. Tsakar gidan ya cika da ƙunshi. Muka ja waya daga ɗakin mai gidan, muka ɗora amfilifayar a kan benci a inuwa, na sa sababbin kwalaben, na kunna. Babansa yana gefe a durƙushe yana ɗaure kaya da igiyar goro. Tana gama ɗumama rigimarmu ta tashi.

Na ce, "Wannan karon sanyi zan sa mata. Can babu kantin kwalba, kuma babu ni. In wutar injinsu ta yi tsalle ta tarar da kwalaben da zafi, ka gama."

Ya ce, "In je garin mutane in fara da muryar kwaɗo? Ranar farko ita ce komai. Ƙara mata."

"Ba zan ƙara ba."

"Kai dai da tsoro aka haife ka."

Muna cikin haka babansa ya ɗago kai ya ce, "Mai rediyo, an taya ta ne?"

Na ce, "Baba, ai ba sayarwa za a yi ba. Da ita za a tafi."

Ya saki igiyar. Ashe duk kai-kawon da muke yi, shi a zatonsa gyara ta muke don ta yi daraja a wurin mai saye, kamar yadda kowa yake goge kayansa a kwanakin. Ya kalli wayar da muka ja daga ɗakin mai gida, ya bi ta da ido har inda ta shiga amfilifayar, sannan ya ce, "Ba wannan igiyar take sha ba?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya ce, "To garinmu ba a ja ta ba. Garin hakimi ma ba a ja ta ba. Daga mu zuwa inda ake kunna irin fitilar nan tafiya ce ta kwanaki."

Dogo ya ce, "Baba, ba ka taɓa faɗa ba."

Tsohon ya ce, "Ba ka taɓa tambaya ba. Ni kuma ban san rashi ba ne."

Amfilifayar tana ta ɗan gurnaninta na jiran a kaɗa, ni ina tsaye da hannu a aljihu kamar wawa. Tausayin Dogo ya kama ni har na kasa kallon inda yake. Ya zauna a kan wani akwati, gitar a cinyarsa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Uwarsa ta leƙo daga ɗaki ta koma. Can ya ce, a hankali, "Ƙara mata."

Ban yi musu ba. Na sa sukuddireba na juya, allura ta kai inda nake tsayawa kullum ta wuce, ta kai inda yake roƙona ta wuce. Na tsaya ne da na ga ƙarfen cikin kwalaben ya fara ɗan ja-ja a inuwa. Ya taɓa tsirkiya. Wallahi na gyara amfilifaya kafin ranar, na gyara bayanta ba iyaka, ban sake jin irin wannan muryar ba. Ta cika tsakar gidan ba tare da ta yi ihu ba, kowane sauti ya fito da ƙiba, ya daɗe a iska kafin ya sauka. Ba kiɗan rawa ya yi ba, wani abu ne mai tafiya a hankali da ban san yana da shi ba. Guduma ta tsaya a gidan maƙwabta. Matar mai gidan ta fito da kumfar wanki a hannu ta jingina da bango. Mutane suka taru a zaure, masu tafiya da masu zama, ba wanda ya taka rawa. Babansa, wanda a duk shekarun nan bai taɓa zuwa inda ɗansa yake wasa ba don yana ganin shashanci ne, ya miƙe tsaye da guntun igiya a hannu, bai ɗaura ba bai ajiye ba. Ni kwalaben nake kallo, ina jin warin gilashi mai zafi, ina addu'a kada su mutu a hannunsa.

Da ladan ya kira la'asar Dogo ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin. Ya goge fuska da gefen riga ya ce, "Yanzu sauke ta."

Na ce, "Zuwa ina?"

"Inda kake so tun da. Ƙasa da nan ma."

"Ba kai ka ce muryar kwaɗo ba?"

Ya ce, "In wutar ta zo wata rana, ta inji ce za ta zo, mai hawa da sauka. Ina so ta tarar da kwalaben da rai."

Na juya sukurun baya, jan ya dushe, allura ta sauko ta kwanta. Shekaru ina neman ya yarda da maganata, ranar da ya yarda kuwa ji na yi kamar an mare ni. Dogon da na sani ba ya tanadin gobe, a gabana ya koya.

Wuri a lori ba shi da yawa, kowane gida da ɗan abin da aka yanka masa, na kuma tabbata tsohon zai ce ba a ɗaukar kayan da ba su da amfani. Muna dawowa daga masallaci sai ya kwance kujerarsa ta katako daga cikin kaya, wadda yake kishingiɗa a kai kullum da yamma, ya tura mini ita ya ce in kai teburina, masu kawo gyara su riƙa zama. Sannan ya ce, "Gilashin nan ba zai jure hanya ba. Ciro mini su." Na jira suka huce, na sa wa kowace alama da fenti, ta dama da ta hagu, don a mayar da su inda aka saita su. Ya naɗe su ɗaya-ɗaya a busasshen ganyen goro, ya sa a cikin kwanon uwar Dogo ya rufe. Amfilifayar kuwa ya lulluɓe ta da tabarma da buhu, ya ɗaure ta ɗaurin huhu, irin wanda yake kai goro arewa bai fashe ba. Washegari da hantsi ni da Dogo muka ɗaga ta muka miƙa wa yaran lori.

Bayan abubuwa sun lafa wasu sun dawo, ɗaya-ɗaya, suka tarar da baƙin fuska a ɗakunansu suka sake farawa. Dogo bai dawo ba. Labarinsa a bakin direbobin goro nake ji, shi ma jefi-jefi. Tsohon ya rasu, gona ta dawo hannun Dogo, ya yi aure, ya tara iyali. Kwalabe suka ƙare a kasuwa, rediyo ta koma magana da an taɓa ta, na bi zamani na koyi sababbin don in ci abinci, amma ban taɓa jin daɗinsu ba. Sai da gemuna ya yi fari wani direba ya tsaya a gaban teburina yana tambayar mai rediyo. Na ce ga shi nan, abin da ya rage.

Ya ce, "Wani dogon dattijo ne ya aiko ni daga Adar. Ya ce in gaya maka an ja wuta garinsu. Ya mayar da kwalaben yadda ka yi alama, ya kunna, ya jira, ta yi magana. Ya ce aikinka yana nan, babu abin da ya motsa."

Na ce, "Ya kaɗa?"

Ya ce, "Ya ɗauki gitar. Fartanya ta cinye yatsun, sun ƙi lanƙwasuwa. Ya ce ya zauna dai yana jin gurnaninta har yara suka gaji suka watse, sannan ya kashe."

Na ba shi ruwa ya sha, ya tafi. Ranar ban ƙara taɓa aikin kowa ba.